Wa Za Ka Bi? Zaɓen Masani ga Mai Bincike kan Yadda Ƙungiya Ke Koyo a Kumasi

Ɗalibin da ya kai ga rubuta kundin digiri na biyu a makarantar kasuwanci ta jami'ar KNUST da ke Kumasi, ko ma'aikaciyar banki a Adum da ke karatun ƙarshen mako, idan suka ce za su yi bincike kan yadda ƙungiya ke koyo, tambayar farko da malamin da ke duba aikin zai jefa musu ita ce: ra'in wa za ku ɗora aikin a kai? Sunan da ya fi saurin fitowa shi ne Peter Senge, domin shi ya fi yawo a littattafan gudanarwa. Wannan gaggawar ce sau da yawa ke sa a yi ta mayar wa ɗalibi da babi na uku. A ganinmu abin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne ƙofar da za ta buɗe maka. Wace irin shaida za ka iya tattarawa da hannunka cikin wata huɗu zuwa shida, kuma wane masani ne ya gina aikinsa a kan irin wannan shaidar?

Da muka ce ƙungiya, muna nufin duk inda mutane suka haɗu kan aiki guda: kamfani, asibiti, makarantar Islamiyya a Aboabo, garejin makanikai a Magazin ɗin Suame, shagon tela a Alabar, ofishin masu karɓar susu, wato ajiyar kuɗi ta yau da kullum. Abin da fannin ke nema shi ne yadda irin wannan wuri yake cin moriyar abin da ya same shi jiya, yadda yake riƙe darasin bayan wanda ya koya ya tafi, da abin da ke hana shi yin haka.

Senge: mai kyau ga aji, mai wahala ga kundi

An haifi Senge a 1947. Injiniyanci ya fara karantawa a Stanford, sannan ya koma jami'ar MIT ta Amurka inda ya gama digiri na uku a 1978, a gidan Jay Forrester, mutumin da ya kafa nazarin yadda sassan tsari ke shafar juna a hankali a hankali. Littafinsa The Fifth Discipline na 1990 ya kawo horo biyar: mutum ya horar da kansa, ya binciki tunanin da ya saba ɗauka a matsayin gaskiya, jama'a su haɗu kan manufa guda, su koya a tawaga, sannan su iya kallon tsari gaba ɗayansa.

Inda Senge ya fi amfani shi ne wani wasa na MIT da ya bayyana a littafin. A allon da aka saba amfani da shi mutum huɗu ne ke zaune: mai shago, dila, mai rarrabawa da masana'anta. Ba a yarda su yi magana da juna ba, takardar oda kawai ke wucewa, kuma oda da kaya duk suna ɗaukar makonni a hanya. Buƙatar mai saye tana tashi daga kwali 4 zuwa 8 sau ɗaya tak, ta tsaya nan. Duk da haka sai ka ga an fara da ƙarancin kaya, kowa ya ninka oda, daga baya sito ya cika maƙil, kowa yana zargin na kusa da shi. A asali giya ce kayan wasan, amma ba abin da zai hana ka mai da ita buhunan fiya wata. Cikin awa biyu manajoji za su ga da idonsu yadda jinkiri kaɗai ke haifar da rikici.

Matsalar kundi ita ce Senge bai bar ma'auni ba. David Garvin na Harvard ya yi wannan ƙorafi tun 1993, cewa maganar ƙungiya mai koyo tana da daɗin ji amma tana buƙatar ma'ana tsayayya da hanyar aunawa. Abin da ɗalibai kan yi shi ne su cika babi na biyu da horon Senge biyar, sai a babi na uku su ɗauko takardar tambayoyin Karen Watkins da Victoria Marsick, wadda ake kira DLOQ. Ita kuwa fuskoki bakwai take aunawa, da tambayoyi 43 a cikakkiyarta, 21 a taƙaitacciya. Biyar da bakwai ba za su haɗu ba, kuma mai jarrabawa na waje zai gani. In DLOQ za ka raba, to Watkins da Marsick ne ra'inka, ka faɗi haka tun daga farko.

Argyris da Schön: abin da ake faɗa da abin da ake yi

Chris Argyris ɗan baƙin Girka ne da aka haifa a Newark ta Amurka a 1923. Ya shekara ashirin yana koyarwa a Yale daga 1951, ya koma Harvard a 1971, ya rasu a 2013. Abokin aikinsa Donald Schön falsafa ya karanta, kundinsa a kan John Dewey ne, kuma a sashen tsara birane na MIT ya koyar har rasuwarsa a 1997. Littafinsu Organizational Learning na 1978 shi ya sa fannin ya tsaya da ƙafarsa.

Su ne suka raba koyo gida biyu. A ce ofishin da ke ba 'yan kasuwar Kejetia rance ya ga biya yana ja baya. Idan ya ƙara masu bin bashi, ya ƙara tara, ya yi koyo mai zagaye ɗaya: an gyara aiki, ba a taɓa ƙa'idar da ke ƙarƙashinsa ba. Idan kuwa wani ya tashi a taro ya ce, wa ya ce dole a biya kowane mako, alhali Hajiyar da ke kawo albasa daga Bawku kuɗinta ba ya dawowa sai mota ta sauke an sayar, to an shiga zagaye na biyu. Binciken Argyris na shekaru ya nuna masa cewa kusan kowa, ko me yake faɗa da baki, in abin kunya ko barazana ya taso, abu huɗu yake karewa: ya riƙe iko shi kaɗai, ya yi nasara kada ya faɗi, ya danne ɓacin rai, ya nuna shi mai hankali ne. Daga nan ƙungiya ke samun batun da ba a tattaunawa, sannan rashin tattauna shi ma ya zama abin da ba a faɗa. A maƙalarsa ta 1991 ya nuna cewa masu ilimi da ƙwarewa sun fi kowa faɗawa wannan rami, don ba su saba faɗuwa ba.

Kayan aikinsa mai sauƙi ne a ido. Ka ba mutum farar takarda, ya rubuta sakin layi guda kan wata matsala ta gaske da ta haɗa shi da abokin aiki. Ya ja layi ya raba shafi biyu. A dama ya rubuta hirar kamar yadda ta gudana, na ce, ya ce, shafi biyu ko uku. A hagu ya rubuta abin da ke ransa a daidai lokacin wanda bai furta ba. Kai mai bincike sai ka bi layi layi kana neman inda ya yanke wa ɗayan hukunci ba tare da ya tambaye shi ba, da inda ya ɓoye dalilinsa, da inda ya yi tambayar da ya riga ya shirya mata amsa. Irin waɗannan takardu goma sha biyar zuwa ashirin daga wuri guda, haɗe da zama a tarukansu, sun isa kundi mai nauyi.

Wurin da yake lalacewa biyu ne. Na farko amana. Argyris kansa ya shafe shekaru da daraktocin kamfani guda yana naɗar tarukansu kafin ya rubuta littafi a kansu. Baƙon da ya zo da wasiƙar jami'a ranar Litinin ba zai sami gefen hagu na gaskiya ranar Laraba ba, kuma kada ka kuskura ka haɗa shugaba da na ƙasa da shi su karanta takardun juna. Na biyu ya shafe mu kai tsaye. Ba kowane shiru a gaban babba ne kariyar kai ba. A Zango yaro ba zai ce wa maigida ka yi kuskure a gaban jama'a ba, amma zai bi ta wurin amininsa, ko uwargida, ko liman, kuma gobe sai ka ga an canza. Mai binciken da ya tsaya a ɗakin taro kawai zai rubuta cewa wurin ba ya koyo, alhali gyaran ta ƙofar baya ya shigo. Wanda ya bi wannan ƙofar bayan ya rubuta yadda take aiki, ya ƙara wa ra'in Argyris abin da babu a cikinsa.

Edmondson: in kana da tawagogi da yawa

Amy Edmondson ta fara ne da aikin injiniya a wurin Buckminster Fuller a farkon shekarun 1980, ta gama digiri na uku a Harvard a 1996, tana koyarwa a makarantar kasuwancinta. Sunanta ya fito daga sakamakon da ya zo mata a juye. Tana nazarin kurakuran ba da magani a sassa takwas na asibitoci biyu, tana tsammanin tawagar da ta fi haɗin kai za ta fi ƙarancin kuskure. Sai alƙaluma suka nuna tawagogin da suka fi kyau su ne suka fi yawan kurakuran da aka rubuta. Da aka koma aka duba, sai aka gane su ne ke faɗa in sun yi, sauran kuwa rufewa suke.

Abin da ta auna daga baya za mu iya kiran sa amincin magana: yarda da 'yan tawaga suka yi tarayya a kai cewa wanda ya yi tambaya, ko ya amsa kuskurensa, ko ya kawo shawarar da ba a saba ba, ba za a kunyata shi ba. Wannan ba lallaɓa ba ne, ba kuma sassauta ƙa'idar aiki ba. Maƙalarta ta 1999 ta gwada shi a tawagogi 51 na kamfani guda mai ƙere-ƙere, ta nuna cewa amincin magana yana kawo ɗabi'ar koyo, ita kuma tana kawo kyawun aiki. A 2001 ita da Richard Bohmer da Gary Pisano sun bi asibitoci 16 da ke koyon sabuwar hanyar tiyatar zuciya. Waɗanda suka dace su ne inda babban likita ya zaɓi tawagarsa da lura, aka yi atisaye kafin majinyaci na farko, ya kuma ce wa kowa ya yi magana in ya ga wani abu.

Ga ɗalibin da ke da iyakataccen lokaci, wannan ita ce hanya mafi shimfiɗa, amma tana da sharuɗɗa. Ma'aunin tambayoyi bakwai ne, ana amsawa daga 1 zuwa 7, uku daga cikinsu a juye aka rubuta su, don haka sai ka juya makinsu kafin ka haɗa. Mantawa da wannan kaɗai yana rusa alfa ta Cronbach, wato lissafin da ke nuna ko tambayoyin suna tafiya tare, wadda ake so ta kai 0.70. Abu na biyu, tawaga ake aunawa. Mutum 200 daga sassa huɗu tawaga huɗu ne kawai a lissafi. Ka nemi tawaga 30 ko fiye, kowace da masu amsa uku aƙalla: rassan banki, ɗakunan jinya, ƙungiyoyin malamai a makarantu. Kafin ka ɗauki matsakaicin makin tawaga, ka nuna da ma'aunan lissafi da ake kira rwg da ICC cewa 'yan tawagar sun yi kusa da juna a amsa. Na uku, kada mutum ɗaya ya ba ka makin amincin magana kuma ya ba ka makin kyawun aikin tawagarsa. Na biyun ka karɓa daga shugaban sashe ko daga takardun aiki.

In za a fassara tambayoyin zuwa Hausa ko Twi, mutum ɗaya ya fassara, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar da su Turanci, a gwada, sannan a jarraba da mutum goma kafin a buga. Kuma kada ka bari shugaban sashe ya raba takardun ya karɓa. Wurin da tsoro ya fi yawa shi zai ba ka maki mafi kyau, aikin duka ya tashi a banza. Ambulan mai liƙi da akwatin da ke hannunka sun magance wannan. Wanda zai shiga asibiti ya nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike tun yana rubuta babi na ɗaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Argote: in akwai littafin lissafi

Linda Argote ta gama digiri na uku a Michigan a 1979, tun daga lokacin tana Carnegie Mellon. Ita ba ta tambayar mutane ko sun koya, ƙirgawa take. Tushen aikinta ya koma ga injiniya T. P. Wright, wanda a 1936 ya lura cewa duk sa'ad da jimillar jiragen saman da aka ƙera ta ninka, aikin da jirgi guda ke ci yana raguwa da kaso tsayayye. Idan ƙimar 80 cikin ɗari ce, abin da ya ci minti 100 a karo na farko zai ci 80 a na biyu, 64 a na huɗu, kusan 51 a na takwas.

Abin da Argote da Dennis Epple da abokansu suka ƙara shi ne mantuwa. A 1990 sun duba wuraren ƙera jiragen ruwan dakon kaya na Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, suka ga aikin da aka yi kwanan nan ya fi tsohon aiki bayyana saurin yau, wato ilimin ƙungiya yana zagwanyewa. A 1995 sun bi shagunan fiza 36 mallakar mutum goma. Ilimi yana ratsawa tsakanin shagunan mai gida ɗaya, ba ya tsallakawa zuwa na wani, kuma kusan rabin abin da aka tara a farkon wata ya zube kafin ƙarshensa, a sana'ar da ma'aikata ba sa daɗewa. A wani gwaji na shekarar kuma, ɗaliban da aka koya wa harhaɗa rediyo tare sun fi waɗanda aka koya wa ɗaiɗai, domin kowa ya san wa ya iya me.

Hanyar aiki ga ta. Nemi wurin da ke maimaita abu guda kuma yana rubutawa: gidan burodi, masana'antar fiya wata, masu ɗinka kayan makaranta, ɗakin gwajin jini. Kana buƙatar bayanan makonni ko watanni 30 aƙalla a jere. A Excel ka buɗe layuka na kwanan wata, adadin da aka yi, awannin aiki, jimillar abin da aka yi tun farko, yawan waɗanda suka bar aiki, da ranakun ɗauke wuta. Raba awanni da adadi, ɗauki logarizim ɗin wannan da na jimilla, ka ja layin dangantaka. Gangara ta −0.32 ita ce daidai da kashi 80.

Kurakurai huɗu ne ke kashe wannan aiki. Aunawa da sidi, kuɗin Ghana: a Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 50, duk wani ragin da ƙwarewa ta kawo zai nutse a ciki, don haka auna da awa ko da yawan kayan da suka lalace. Sanya watanni a madadin jimilla: wata shida na zaman banza ba ƙwarewa ba ne. Cakuɗa kaya: kaftani lami da babbar riga mai aiki ba abu ɗaya ba ne, kuma makonnin gab da Sallah sai a yi musu alama ta daban. Na huɗu shi ne littafin kansa. Mai wuri zai iya ɗauka don haraji ake nema, ya ba ka wanda aka gyara. Ka ga littafin da idonka kafin ka rubuta ko layi ɗaya na babi na biyu. In babu shi, babu Argote.

Lave da Wenger, sannan Nonaka

Ga wanda ya tashi a Zango, wannan ne ra'in da zai ji kamar labarin gidansu ake ba shi, kuma da dalili. Jean Lave masaniyar al'adun jama'a ce, a shekarun 1970 ta zauna da telolin ƙabilun Vai da Gola a Monrobiya ta Laberiya. Ta lura cewa yaron tela yana koyon sana'a ne daga ƙarshe zuwa farko: guga da sa maɓalli da kalmasa tukuna, sannan ɗinki, yanka a ƙarshe, domin a yanka ne kuskure ke cin yadi. Littafinta da Etienne Wenger, Situated Learning na 1991, ya ce koyo shi ne matsawa daga gefen sana'a zuwa tsakiyarta da yardar masu ita. Wenger, ɗan Siwizalan, ya faɗaɗa wannan a 1998 da nazarin ma'aikatan wani ofishin inshora.

Shiga kowane gareji a Magazin ka tsaya awa ɗaya. Sabon yaro yana tsugune gaban galan da aka yanke, yana wanke notina a fetur, hannunsa baƙi ƙirin. An kira sifana lamba 13 ya miƙa, an ce haska nan ya riƙe tocila, an aike shi sayen koko. Masta bai ce masa uffan kan injin ba, amma idonsa na kan hannun siniya da ke ɗaure kan silinda, yana ganin wane noti ake fara ja, wane ake bari. Tambayar bincikenka tana nan: wa aka yarda ya taɓa me, a wane wata na zamansa, kuma daga inda yake tsaye me yake iya gani? A littafin nasu akwai misalin mahautan manyan kantunan Amurka, inda aka ajiye masu koyo a wurin naɗe nama, ba sa hango masu yanka, koyon ya tsaya cak.

Wannan hanya lokaci take ci. Kwana uku a mako, mako takwas zuwa sha biyu, a gareji biyu ko uku don ka sami abin gwadawa. Rubuta abin da ka gani a daren ranar. Yi hira da sabon shiga, da siniya, da wanda aka yaye ya buɗe nasa, ba masta kaɗai ba, domin shi zai faɗa maka yadda ya kamata a koya, su kuma za su faɗa maka yadda aka koya. Kada kuma ka kira kowane zauren WhatsApp jama'ar sana'a. Wenger ya gindaya abu uku kafin ya kira taron mutane jama'ar sana'a: suna aiki da juna a kai a kai, suna da abin da suka sa gaba tare, suna da kalmomi da dabarun da suka tara.

Ikujiro Nonaka yana kusa da nan amma tambayarsa daban. An haife shi a Tokyo a 1935, ya yi aiki a Fuji Electric kafin ya je Berkeley, ya koyar a Jami'ar Hitotsubashi, ya rasu a 2025. Shi da Hirotaka Takeuchi, a littafinsu na 1995, sun damu da yadda ilimin hannu ke zama ilimin takarda. Sanannen misalinsu injin burodin kamfanin Matsushita ne: ƙullin fulawa ya ƙi kyau, sai wata ma'aikaciyar kamfanin, Ikuko Tanaka, ta je ta zama yarinyar babban mai burodi a wani otal a Osaka, ta gano yana murɗa ƙullin ne yayin da yake jan sa, injiniyoyi suka sa wannan a injin. Matakai huɗu suka zana: koyo ta zama tare, fitar da shi a magana, haɗa shi da sauran rubutaccen ilimi, sannan ya koma jiki ta aiki. Ka ɗauki Nonaka idan wurin da kake nazari yana ƙoƙarin rubuta abin da tsofaffin ma'aikata suka sani kafin su yi ritaya. Sai dai ka tuna ya gina ra'in ne a manyan kamfanonin Japan inda mutum kan yi rayuwar aikinsa a wuri guda. Inda yaro zai buɗe shago a layi na gaba bayan yaye, masta yana da dalilin riƙe wani sirri, kuma matakan huɗu ba su yi wa wannan tanadi ba.

March, wanda kowa ke buƙata

James March, 1928 zuwa 2018, kimiyyar siyasa ya karanta a Yale. A Carnegie ya rubuta Organizations da Herbert Simon a 1958, da A Behavioral Theory of the Firm da Richard Cyert a 1963, daga 1970 kuma yana Stanford. Shi ne ya ƙi yarda cewa koyo alheri ne kullum. Shi da Barbara Levitt a 1988 sun yi maganar tarkon ƙwarewa, inda wuri ya gwanance a tsohuwar hanya har sabuwa mai kyau ta zama asara a gwajin farko, da koyon camfi, inda ake jingina nasara ga abin da ba shi ya kawo ta ba. Makanikin da ya yi suna a kafireta, motoci masu kwamfuta suna wuce ƙofarsa zuwa wurin mai na'urar gano cuta, shi ne tarkon ƙwarewa a tsaye.

Maƙalarsa ta 1991 shafi 17 ce kawai, kan rabon ƙarfi tsakanin laluben sabo da cin moriyar sananne. Da kwamfuta ya kwaikwayi ƙungiya, ya nuna cewa in sababbin shiga suka yi saurin rungumar al'adar wuri, wurin ba ya samun abin koya daga gare su, kuma ɗan sauyin ma'aikata matsakaici yana iya amfani. Wannan ya ɗan ci karo da Argote, wadda ke ganin asarar da tafiyar ma'aikata ke jawowa, kuma cin karon nan kansa tambayar kundi ce mai kyau. March bai bar takardar tambayoyi ba. Mai son auna lalube da cin moriya a ƙananan masana'antu zai sami ma'auni a aikin He da Wong na 2004. Ga sauran ɗalibai, wurin March babi na biyar ne, inda kake tambayar ko abin da ƙungiyar ta koya daidai ne.

Haɗawa, da iyakarta

Ra'i biyu sun isa, ɗaya jagora ɗaya mataimaki. Edmondson da Argyris suna tafiya tare, domin ita kanta ta sha daga aikinsa: raba tambayoyi ga rassa 30, sannan ka ɗauki biyu mafi maki da biyu mafi ƙaranci ka yi takardar hagu da dama da 'yan kaɗan. Argote da March suna haɗuwa a wurin da ke da alƙaluma kuma ya shigo da sabon inji. Lave da Nonaka suna haɗuwa a sana'ar hannu, muddin ka faɗi a fili cewa ita tana ganin ilimi a cikin jama'a yake zaune, shi kuma yana ganin ana iya ciro shi a rubuta. Wanda ba kundi ne gabansa ba, shugaban ƙungiyar matasa ne ko hedimasta mai son gyara wurinsa, ya fara da wasan Senge a taron yini guda, ya bi da tambayoyin Edmondson bakwai ba tare da suna ba, ya maimaita bayan wata shida.

'Yar'uwar da ke son nazarin gareji ta nemi shugabannin ƙungiyar makanikai su gabatar da ita ga masta da kansu, ko ta zaɓi masu ɗinki da masu gyaran gashi, inda tsarin uwar ɗaki da 'yan koyo yake daidai da abin da Lave ta bayyana. Duk wanda zai naɗi murya ya nemi izini a bakin mai maganar, ya cire sunaye kamar yadda dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012 ta tanada. Hirar da aka yi da Hausa ko Twi kuwa a rubuta ta da harshenta tukuna, fassarar Turanci ta zo a ƙarƙashi. In siniya ya ce yaron nan hannunsa bai faɗa ba tukuna, wannan jimlar ce shaidarka, ita za ka sa a babi na huɗu yadda ya faɗe ta.